Radiohead: wai da gaske OK Computer ne gaba, ko sabo ne kawai?

Sadiq_Jita:
Assalamu alaikum 'yan gida. Na san maganar nan za ta jawo mini ruwan duwatsu, amma sai na faɗe ta. A cikin albam tara da Radiohead, ƙungiyar mawaƙan rock ta Ingila, suka fitar daga 1993 zuwa 2016, In Rainbows ne gaba, ba OK Computer ba. Shi OK Computer ya faɗo ne a lokacin da ake neman irinsa, 'yan jarida suka naɗa masa rawani, mu kuma muka gaji zancen ba tare da mun tambaya ba. Ga yadda na jera su: In Rainbows, Kid A, OK Computer, A Moon Shaped Pool, The Bends, Amnesiac, Hail to the Thief, The King of Limbs, sai Pablo Honey a can ƙarshe. Wanda bai yarda ba ya zo da hujja, ban da "ai kowa haka yake cewa".

Baffa_Kaset:
Wa alaikumus salam. Sadiq, kana ina a 1997? Ba gori nake maka ba, tambaya ce mai dalili. Kai ka ji OK Computer ne bayan duniya ta gama kwaikwayonsa, shi ya sa bai ba ka mamaki ba. A wancan lokacin abin da ke tashe a Ingila shi ne su Oasis da Blur, waƙoƙin da ake rerawa a filin ƙwallo. Kwatsam sai ga wasu samari biyar daga yankin Oxford sun shige wani tsohon gida kusa da garin Bath, su da mai haɗa musu sauti Nigel Godrich, suka fito da Paranoid Android, wadda ke cikin OK Computer. Waƙa ce ta fiye da minti shida, ba ta da amshin da za ka kama, tana sauya salo har sau uku ko huɗu, kuma ita suka zaɓa suka fara saki. Duk da haka sai da ta kai ta uku a jadawalin waƙoƙin Birtaniya. Wa ke da wannan ƙarfin halin a lokacin?

Ka koma ka saurari Exit Music da ke albam ɗin da kyau. Murya ce da jita kawai, a hankali kamar mai gudun kada ya tashi mutanen gida. Sai wasu muryoyi na na'ura su shigo ta baya. Kana nan kana jira, ganga ba ta shigowa sai waƙar ta wuce rabi, ta shigo tare da wani bes mai gurnani wanda sai ka ji shi a ƙirjinka. Nuna mini wuri guda a In Rainbows da aka riƙe mai sauraro haka.

Zee_Kaduna:
Baffa ya fara ba da tarihi, a shimfiɗa tabarma.

Sadiq_Jita:
Baffa, da girmanka, amma ai ka tabbatar da maganata ne. Rabin hujjarka "a lokacin" ce. Ni ina maganar abin da kunne ke ji yau. Kuma tunda ka ce in nuna maka: All I Need. Minti biyu da wani abu ana jan ka da bes mai nauyi, sai ƙarshe ya ɓarke, piyano da kuge su rufe ka. Sannan ka faɗa mini tsakaninka da Allah, in ka saka OK Computer, sau nawa kake barin Fitter Happier ta kai ƙarshe? Electioneering fa? A In Rainbows waƙa goma ce, minti arba'in da 'yan kai, babu wadda nake tsallakewa.

Baffa_Kaset:
Fitter Happier ba don a yi rawa aka yi ta ba. Muryar kwamfuta ce ke karanto maka ƙa'idojin rayuwar ɗan birni, an ajiye ta a tsakiyar albam ɗin da gangan. In ka cire ta ka ɓalle ginshiƙi. Electioneering kuma na bar maka ita.

Injiniya_Auwal:
Ku biyun duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Albam ɗin da ya sa har yau muke zancen mutanen nan shi ne Kid A. Da a ce bayan OK Computer sun sake yin irinsa, da yanzu sun zama ƙungiyar tuna baya, ana gayyatarsu su rera tsofaffin waƙoƙi. Duk wanda ya kalli Meeting People Is Easy, fim ɗin da aka bi su ana ɗauka a rangadin 1997 zuwa 1998, ya ga yadda suka galabaita. Thom Yorke, mai rera musu waƙa, ya kai matsayin da ko jita ba ya son ji, rubutun waƙa ya gagare shi, ya koma sauraron su Aphex Twin da Autechre. Shi ne a Oktoban 2000 suka fito da abin da ba wanda ya zata. Waƙar farko, Everything in Its Right Place, babu jita ko ɗaya: kibod ne, da muryar Thom an yayyanka ta ana wasa da ita. Idioteque an gina ta kan wani ɗan gutsure da mai jitarsu Jonny Greenwood ya tsinto daga kiɗan kwamfuta da Paul Lansky ya yi tun shekarun 1970. A waƙar The National Anthem kuwa masu busa ne aka sake su kowa ya kama gabansa. Ba su saki waƙa ko ɗaya ita kaɗai don tallata albam ɗin ba, an riga an watsa shi a Napster, manhajar musayar waƙoƙi ta intanet, kafin ya fito, amma ya shiga na ɗaya a Amurka, karo na farko a tarihinsu. To wanne ne ya fi wannan?

Maman_Hanan:
Injiniya, duk abin da ka lissafa labarin jarumta ne, ba daɗin waƙa ba. Ni ban zo jarrabawa ba. In na gama aiki na kwantar da yara, The Bends nake sakawa. Fake Plastic Trees, High and Dry, Black Star, Street Spirit. Mutum ne ke rera waƙa da muryar da Allah ya ba shi, jita uku na amsa masa. Sadiq da ya ajiye shi na biyar, Allah ya yafe masa.

Zee_Kaduna:
Anti kin gama magana. Kuma mutane na mantawa cewa ba don The Bends ba da babu sauran. Bayan Creep, waƙar da ta fara fito da su, kowa ya ɗauka masu waƙa ɗaya ne, su yi tashe su ɓace. A 1995 ne suka nuna ba haka ba ne. My Iron Lung ma ai habaici ce suka yi wa Creep ɗin, waƙar da ta rayar da su kuma ta shaƙe su.

DanBirni_04:
Ni fa Creep kaɗai na sani sai Let Down da ta cika TikTok. Ashe har albam tara gare su?

Injiniya_Auwal:
Inna lillahi.

Baffa_Kaset:
Ku ƙyale yaro, ai ta nan kowa ya shigo. DanBirni, Let Down ɗin da kake ji a TikTok a OK Computer take, ta biyar a jeri. Waƙar 1997 ce ta shiga jadawalin Billboard na Amurka a 2025, bayan shekara ashirin da takwas. Sadiq, ka ji ko? Wai "a lokacin". Ga yaran da ba a haifa ba a lokacin sun tono ta da kansu, ba ɗan jaridar da ya ce su so ta.

Sadiq_Jita:
Waƙa ɗaya ce Baffa, muna maganar albam.

Abu_Leeds:
Bari in ɗan tsaya wa Pablo Honey tunda kowa ya mai da shi abin shuri. Na yarda shi ne mafi rauni, amma ba shara ba ne. Ku saurari Blow Out, waƙar ƙarshe, za ku ji inda The Bends zai fito. Creep kuma, duk wulaƙancin da masoya ke yi mata don su nuna su manya ne, wannan ƙarar jitar da Jonny ke bugawa kafin amshi, kamar abu ya fashe, har gobe tana aiki. An ce ma don ya ɓata waƙar ya yi haka, don ba ta burge shi ba, sai ya zama shi ne gishirinta. Lokacin da ta fara fita a 1992 a Birtaniya ba ta yi kasuwa ba, ta tsaya a ta 78. Sai da ta yi tashe a ƙetare aka sake sakinta a 1993 ta kai ta bakwai.

Nafee_Yamai:
Abu, ka manta ka ce hatta karin Creep ɗin ba nasu ne duka ba. Albert Hammond da Mike Hazlewood suna cikin waɗanda aka rubuta a matsayin marubutanta, saboda ta yi kama da wata tsohuwar waƙa da suka rubuta wadda The Hollies suka rera. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka a Pablo Honey ba su gama samun muryarsu ba.

Amma ni abin da ya kawo ni shi ne Amnesiac. Sadiq ka sa shi na shida, Injiniya ko ambatonsa bai yi ba. A lokaci ɗaya aka naɗi kusan duk waƙoƙinsa da na Kid A, aka fitar da shi bayan wata takwas, a 2001, shi ya sa ake ce masa ragowa. To ni a wurina ɗumamen tuwo ne, wanda ya kwana ya fi na daren daɗi. Pyramid Song kaɗai ta fi rabin Kid A. Ku gwada tafa hannu ku bi piyanon nan, za ku ɓace, kamar mai bugawa yana jinkiri da gangan. Sai Phil Selway ya shigo da ganga a tsakiya, nan take ka gane ashe tun farko komai a kan ƙa'ida yake. Ga You and Whose Army, ga Knives Out, ga Life in a Glasshouse da suka ɗauko tsohon mai busa Humphrey Lyttelton da mutanensa.

Injiniya_Auwal:
'Yar'uwa, Pyramid Song ban ja da ke ba. Amma Amnesiac tarin waƙoƙi ne, Kid A kuwa gini ne guda. Daga Pyramid Song sai a jefa ki cikin Pulk/Pull Revolving Doors, duk natsuwar da kika samu ta watse. Sannan suka maimaita Morning Bell da ke cikin Kid A. Wanda kayansa suka cika ba ya maimaita waƙa.

Nafee_Yamai:
Ba maimaici ba ne, sauya mata kama aka yi. Kuma Treefingers da ke Kid A fa? Kusan minti huɗu ana shiru mai ƙara.

Zee_Kaduna:
"Shiru mai ƙara" ya kashe ni.

Malam_Sitidiyo:
Ni sana'ata haɗa sauti ce, don haka ta nan zan duba. Da yawanku a lasifikar waya kuke yanke hukunci, kuma wannan zalunci ne ga rabin albam ɗin nan. The Bends zai yi daɗi ko a rediyon mai shayi, don murya da jita ne a gaba. Kid A da The King of Limbs kuwa rabin aikin a ƙasa yake, wurin bes, waya ba ta fitar da shi. Ku nemi hedifon mai kyau ku saka Bloom ta The King of Limbs. Colin Greenwood, mai bes ɗinsu, shi ne wanda aka fi zalunta a ƙungiyar nan, ba mai zancensa, alhali shi ke riƙe da ginin.

A kan batun Sadiq, ta fuskar sauti ina bayansa. In Rainbows ne aikin Godrich mafi tsabta. A Reckoner kuge na gefe ɗaya, jita na ɗaya gefen, an bar fili a tsakiya don murya. A Weird Fishes jita uku ne kowacce na zagaye da nata lissafin, suna haɗuwa suna rabuwa, ganga kuma ba ta sauya taku. 15 Step bugu biyar-biyar take tafiya maimakon huɗu da kunne ya saba, amma ba za ka lura ba sai ka tashi taka rawa, har da ihun yara 'yan makaranta aka saƙa a ciki. Wannan ba aikin masu neman burgewa ba ne, aikin waɗanda suka riga suka iya ne.

Baffa_Kaset:
Malam, tsabtar sauti daban, nauyin magana daban. OK Computer yana da abin da yake faɗa: mota, jirgi, na'ura, talla, mutum a cikin taro amma shi kaɗai. Ya faɗi wannan tun kafin a sa mana waya a tafin hannu. In Rainbows me yake cewa? Soyayya da sha'awa da tsoron mutuwa. Wa bai rera wannan ba?

Maman_Hanan:
Baffa, ai don kowa ya rera shi ne ya sa yake da wuya a rera shi da kyau.

Abu_Leeds:
Wani abu da ke ƙara wa In Rainbows kwarjini shi ne yadda ya fito. Kwantiraginsu da kamfanin faifai na EMI ya ƙare bayan Hail to the Thief, ba su da kamfani. Suka sanar kwana goma kacal kafin ranar, 10 ga Oktoba 2007, suka ce kowa ya sauke daga shafinsu ya biya abin da ya ga dama, ko da sifili ne. Ina ɗalibi a lokacin, fam ɗaya na saka, abokin ɗakina ko sisi bai bayar ba kuma ya fi ni sauraronsa. Da faifan ya shiga kanti daga baya, sai da ya hau na ɗaya a Birtaniya da Amurka.

Injiniya_Auwal:
Wannan dabara ce ta wanda ya riga ya ƙoshi. Kuɗin EMI ne ya gina musu suna shekara goma sha wani abu, sannan suka ce a biya abin da aka ga dama. Sabon mawaƙi ya gwada ya gani.

Sadiq_Jita:
Gaskiya ne, amma ba ruwan wannan da ingancin waƙoƙin. Mu dawo kan layi. Ba wanda ya ce komai a kan Hail to the Thief.

Zee_Kaduna:
Don ya yi tsawo ne. Waƙa goma sha huɗu, kusan awa guda. Mafi yawansa a mako biyu suka naɗe shi a Los Angeles, kuma ana jin gaggawar. Su kansu sun faɗa daga baya cewa da an rage shi da ya fi. Amma There There tana cikin manyan waƙoƙinsu biyar, ko a gaban wa zan faɗa. A dandamali Ed O'Brien da Jonny ajiye jita suke su ɗauki sanduna su taya Phil duka. Ka cire waƙa huɗu daga albam ɗin nan, 2 + 2 = 5 ta buɗe, A Wolf at the Door ta rufe, sai ya yi kafaɗa da kowanne.

Nafee_Yamai:
Wanne huɗun za ki cire? Nan ne rigimar take, kowa da nasa huɗun.

Zee_Kaduna:
We Suck Young Blood ce ta farko, ko shawara ba na nema.

Malam_Sitidiyo:
The King of Limbs ma an yi masa gaggawar hukunci. Waƙa takwas ce, minti talatin da bakwai, mutane suka ji kamar an rage musu awo. Sun gina shi ne da gutsattsarin kiɗa da na'ura ke maimaitawa, shi ya sa rabin farko yake da sanyi. Amma ku nemi wasan da suka yi na From the Basement a 2011, inda suka ƙaro mai ganga na biyu, Clive Deamer, don mutum ɗaya ba zai iya buga abin ba. Waƙoƙin nan dai su ne, amma sun samu jini. Kuma wannan sarƙaƙiyar ganga ba daga sama ta faɗo ba. Thom ya taɓa faɗin yadda shi da mutanen ɗaya ƙungiyar tasa, Atoms for Peace, suka kwana suna jin Fela Kuti.

Injiniya_Auwal:
In sai an je wani wasa daban kafin albam ya yi daɗi, to albam ɗin ya gaza. Kuma sun bar The Daily Mail da Staircase a waje, waɗanda sun fi Feral da ke cikinsa nesa ba kusa ba.

Gaskiya_Daya:
Kuna ta yabon mutanen da suka je Tel Aviv suka yi wasa a 2017, duk da kiran da aka yi musu kada su je saboda batun Falasɗinu, har mawaƙi Roger Waters ya yi musu magana suka ƙi ji. Ni tun daga ranar na goge su daga wayata.

Abu_Leeds:
Ba kai kaɗai ba ne, masoyansu da yawa a nan ma sun juya musu baya a kan wannan, kuma har yanzu maganar ba ta mutu ba.

Admin_Hafsat:
Magana ce mai nauyi kuma tana da wurinta. Gaskiya_Daya, ka buɗe mata zare na daban, za a tattauna. Wannan na albam ne, don Allah a tsaya a kai.

Maman_Hanan:
To ni in ban da The Bends, wanda ya fi taɓa ni shi ne na ƙarshen, A Moon Shaped Pool na 2016. Na manya ne, waɗanda rayuwa ta ɗan murza. Ya fito ne bayan Thom ya rabu da uwar 'ya'yansa da suka shafe fiye da shekara ashirin tare, kuma a ƙarshen shekarar ta rasu. Ba sai an gaya maka ba, kana jin Daydreaming ka san akwai abin da ya karye. True Love Waits kuma tun 1995 suke rera ta a dandamali da jita, da ɗan kuzarinta, sun kasa samun yadda za su naɗe ta. Bayan shekara ashirin da ɗaya sai ga ta da piyano kawai, a hankali, muryar ta tsufa. Kalmomin ba su sauya ba amma ba waƙa ɗaya ba ce.

Baffa_Kaset:
Hajiya, a nan kam muna tare. Kuma gogen da ke cikinsa aikin Jonny ne, ya kawo abin da ya koya wurin yi wa finafinan Paul Thomas Anderson kiɗa. Burn the Witch ba jan goge ake ba, dukan tsirkiyar ake yi. Sai dai wani zai ce albam ne na kwashe tsofaffin kaya daga sito.

Sadiq_Jita:
Ai Nude ma tun zamanin OK Computer take, sai a 2007 ta samu shiga In Rainbows. Halinsu ne, ba sa sakin waƙa sai ta nuna. Wannan ma wata hujja ce gare ni Baffa: a 1997 sun rubuta ta amma ba su iya gama ta ba, sai da suka ƙara shekara goma.

Baffa_Kaset:
Ko kuma a 1997 kayan sun yi musu yawa har Nude ba ta samu gurbi ba. Ka duba abin da suka bari a waje: Lift, Man of War, I Promise, sai a 2017 suka fito da su a bugun cika shekara ashirin. Abin da OK Computer ya zubar wata ƙungiyar da shi za ta ci abinci har ta yi ritaya.

Nafee_Yamai:
Abin dariya, sau biyar ana sa su takarar Mercury, kyautar albam ta Birtaniya, ba su taɓa ci ba. OK Computer ɗin ma Roni Size ne ya kayar da shi a 1997. Grammy kuwa ta fannin alternative sun ci da OK Computer da Kid A da In Rainbows. Wato alƙalan ma sun raba muku gardamar uku, kowa ya ɗauki nasa.

Injiniya_Auwal:
Alƙalan da ba su ba Amnesiac ba, ki lura.

DanBirni_04:
To yayyena ni da wanne zan fara? Kun rikita ni.

Maman_Hanan:
The Bends, ƙanina. Daga nan ka bi su a jere.

Sadiq_Jita:
In Rainbows. In bai kama ka ba, sauran ma ba za su kama ka ba.

Baffa_Kaset:
Tunda Let Down ce ta kawo ka, ka je gidan da ta fito. Daga Airbag har The Tourist, kada ka tsallake ko ɗaya, har wadda Sadiq ke gudu.

Injiniya_Auwal:
Kowanne ka ga dama, amma kada ka fara da Kid A, kuma kada ka yanke masa hukunci a ji na farko.

Abu_Leeds:
Ni tambayata ita ce ko za a samu na goma. Tun 2022 Thom da Jonny sun fitar da albam uku da wata ƙungiyarsu, The Smile, su da Tom Skinner, Radiohead kuwa shiru tun 2016. Sun dai dawo dandamali a Turai a ƙarshen 2025, karo na farko tun 2018. Wall of Eyes na The Smile a wurina ya fi The King of Limbs, in za a yarda a sa shi a lissafi.

Zee_Kaduna:
Ba za a yarda ba. Babu Colin, babu Ed, babu Phil, ba Radiohead ba ne. Sadiq, ka gyara jerinka ka ɗaga Hail to the Thief sama da Amnesiac mu wuce wurin.

Nafee_Yamai:
Kada ka kuskura.